Ɗan siririn littafi, kuɗi mai kauri: wane bugu na wasannin Conor McPherson za ka saya?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar littafin wasan kwaikwayo bugun Ingila, ya juya bayansa ya ga farashi, ya san irin tsakin da ake ja a wurin. Abu ɗan siriri, shafi 60 zuwa 100, rabin kowane shafi fili ne fari fat, amma kuɗinsa ya kai fam 10 ko ya ɗan ɗara, kusan daidai da ƙagaggen labari mai kauri kamar bulo. In ka mayar da shi naira, ka ɗora kuɗin aike, sai ka ga ka sayi littafi ɗaya da kuɗin cefanen kwanaki.

Ba cuta ba ce tsagwaronta. Masu sayen rubutaccen wasa ba su da yawa: ɗalibai, malamai, 'yan wasa, sai 'yan tsirarun da suka kalli wasan suka so su koma gida da shi. Mawallafi ba ya buga dubbai masu yawa kamar yadda ake yi wa littafin labari, kuma duk mai harkar ɗab'i ya san in adadi ya yi ƙasa, kuɗin kowane kwafi sama yake yi. Ga kuma gaggawa. A Landan al'ada ce littafin ya fito daidai da daren da za a buɗe wasan, a sayar da shi a ƙofar shiga. Saboda haka ba nauyin takarda kake biya ba. Da zarar ka yarda da wannan, tambayar ta sauya daga "me ya sa yake da tsada?" zuwa "me zan yi da shi?", domin amsar ita ke nuna maka bugun da ya dace da aljihunka.

Na zaɓi marubucin wasan kwaikwayo Conor McPherson ne don ayyukansa sun fito a kusan kowace irin siga da ake buga wasa, kuma akwai tarko a cikinsu da ni kaina na taɓa faɗawa. Haifaffen Dublin ne, babban birnin Ailan, a 1971. Wasan da ya fito da shi duniya shi ne The Weir, wanda gidan wasa na Royal Court ya fara nunawa a Landan a 1997, ya ci kyautar Olivier, babbar lambar yabo ta gidajen wasan Landan, ta sabon wasa mafi kyau a 1999. Mutum biyar ne kawai a ciki. Dare ne na iska a wata 'yar mashaya ta ƙauye a arewa maso yammacin Ailan, maza huɗu da wata baƙuwa da ta taso daga Dublin. Mazan suka shiga ba ta labaran fatalwa da aljannu don su burge ta, kowa na son nasa ya fi ban tsoro, har ita ma ta buɗe baki ta ba da nata labarin, wanda ya kashe wa kowa jiki. Wanda ya tashi a gidan da ake hira da tatsuniya bayan isha'i ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda wannan ke aiki. Wannan ne ma ya sa McPherson ke karantuwa a takarda fiye da marubutan wasa da yawa: mutanensa tsayawa suke su ba da labari, ba tsalle-tsalle a dandamali ba.

Gargaɗi guda kafin ka kashe ko sisi. Wasanninsa cike suke da giya da ashariya irin ta talakawan Dublin. Ba tallan giyar yake ba, akasari ma yana nuna yadda take rusa gida ne, kuma shi kansa ya sha faɗa a hira cewa ya daina sha bayan wata mummunar rashin lafiya da ta kwantar da shi a 2001. Duk da haka, malamin da ke neman abin da zai ba yaran sakandare ya karanta tukuna kafin ya yi oda.

Babban mawallafinsa shi ne Nick Hern Books, kamfanin Landan da aka kafa a 1988, wanda wasan kwaikwayo ne sana'arsa. Suna fitar da kowane wasa shi kaɗai, sannan bayan shekaru su tattara su a kundi. Bugun ɗaiɗai shi ne mafi tsada in ka lissafa kuɗin kowane wasa, kuma ina ganin dalili biyu ne kawai ke sa a saye shi: ko malami ya ce wannan wasan za a yi nazari, ko kuma wasan bai shiga kundi ba. Misalin na biyun shi ne Girl from the North Country na 2017, wanda ya gina a kan waƙoƙin Bob Dylan, labarin wani gidan saukar baƙi a garin Duluth na Amurka a 1934. Shi ma ban cika ba da shawararsa ga sabon shiga ba. Wasan da rabin ransa kiɗa ne, in ka karanta shi a takarda kamar cin tuwo ne ba miya.

Akwai wani abu da ya kamata mai nazari ya lura da shi a bugun farko. Saboda gaggawar nan da na ambata, sau da yawa za ka ga ɗan rubutu a shafukan farko cewa an kai littafin maɗaba'a kafin a gama gwajin wasa, don haka yana iya ɗan bambanta da abin da aka nuna a dandamali. Marubuci yakan yanke layi ko ya sauya ƙarshen fitowa ana saura kwana biyu a buɗe. Ga mai karatun nishaɗi wannan ba komai ba ne. Ga ɗalibin da zai ɗauko magana ya sa a kundin digiri, bugun baya ya fi aminci, kuma ya rubuta shekarar bugun da ya yi amfani da shi.

Kundayen su ne inda riba take. Guda uku ne, kowanne yana ɗauke da wasa huɗu ko biyar, kuma kuɗin kundi ɗaya yawanci bai kai na ɗaiɗai guda biyu ba. Na farko, Plays: One, ayyukan ƙuruciya ne: Rum and Vodka, The Good Thief, This Lime Tree Bower da St Nicholas. Duk maganar mutum ne kai tsaye ga 'yan kallo. Uku daga ciki ɗan wasa ɗaya ne tal, ɗayan kuma mutum uku ne ke karɓa-karɓa. St Nicholas, wanda Brian Cox ya fara yi a 1997, labarin wani mai sharhin wasanni ne mai girman kai da ya faɗa hannun masu shan jini. Ga ɗalibin sashen wasan kwaikwayo a Zariya ko Jos ko Kano da ke neman dogon jawabi don gwajin baki, wannan kundin rumbu ne. Ba ka bukatar kayan ado ko fitilu, kujera ɗaya ta isa.

Na biyu, Plays: Two, shi ne zan miƙa wa duk wanda ya ce kuɗin littafi ɗaya gare shi. A ciki akwai The Weir, da Dublin Carol na 2000, da Port Authority na 2001, da wani ɗan gajere mai suna Come On Over. Dublin Carol labarin wani ma'aikacin gidan shirya jana'iza ne da giya ta raba shi da iyalinsa, 'yarsa ta zo masa da labari mai nauyi a jajiberin Kirsimeti. Port Authority kuwa maza uku ne, saurayi da magidanci da tsoho, kowa na ba da labarin damar da ya bari ta wuce. A ganina nan ne ka fi jin muryar mutumin a nutse.

Na uku, Plays: Three, ya fi su kauri amma gauraye yake. Akwai Shining City na 2004 da The Seafarer na 2006, waɗanda ke cikin mafi ƙarfin abin da ya rubuta. Na biyun nan caca ce ta karta a wani gida a Baldoyle, arewacin Dublin, inda ɗaya daga cikin baƙin Iblis ne cikin kwat, ya zo karɓar bashi. Sauran ukun, The Birds da The Veil da The Dance of Death, biyu daga ciki ba ƙirƙirarsa ba ce tun daga tushe: na farko ya samo shi daga gajeren labarin Daphne du Maurier, na ƙarshe kuma sabunta wasan Strindberg ɗan Suwidin ne. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da kake biya.

To, ga tarkon. A Amurka wani mawallafi ne daban, Theatre Communications Group na New York, ke buga shi, kuma ya tsara nasa kundin da suna The Weir and Other Plays. Bango daban, suna daban, sai ka ɗauka sabon kaya ne. Alhali The Weir ne aka haɗa da wasanni huɗun nan na Plays: One. Ni na riga na mallaki na Ingila, na ga wannan a wani shagon intanet da bai jera abin da ke ciki ba, na yi oda, na jira makonni, ya iso na buɗe na tarar huɗu cikin biyar suna kan kantata tuni. Amma in ba ka da ko ɗaya, wannan bugun na Amurka ciniki ne mai kyau, wasa biyar a bango ɗaya har da shahararren. Sai dai in daga baya ka sayi Plays: Two, ka maimaita The Weir. Ka zaɓi layi ɗaya ka bi, ko na Landan ko na New York, kuma kada ka biya sai ka ga jerin abin da ke ciki da idonka.

Akwai kuma bugun 'yan wasa, irin na Dramatists Play Service a Amurka: ƙaramin littafi mai laushin bango ba hoto, takarda mara tsada, an yi shi ne don a naɗe a sa a aljihu a yi ta zane a kai lokacin gwaji. Akan samu jerin kayan da ake bukata a dandamali a ƙarshensa. Ga ƙungiyar da za ta shirya wasa yana da amfani. Ga mai karatu kawai, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma bangon ba ya jure zufa da ƙurar hunturu.

Tunda an zo maganar shirya wasa, a nan mutane ke ruɗewa. Sayen littafi, ko kwafi 20 ka saya, bai ba ka izinin nuna wasan ga jama'a ba. Wannan lasisi ne daban da ake nema daga mawallafi ko wakilin marubucin, yawanci a biya kuɗi a kan kowane nuni, ko da ba a karɓi kuɗin shiga ba. Adireshin wanda za a tuntuɓa yana shafin haƙƙin mallaka na littafin. McPherson na da rai, kuma a Ailan da Ingila da Nijeriya haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wanda ke son wasan Ailan da zai buga ya raba wa aji ba tare da neman izinin kowa ba, ya koma wa magabata: Oscar Wilde da ya rasu a 1900, da J. M. Synge da ya rasu a 1909. Ayyukansu na nan kyauta a Project Gutenberg, rumbun tsofaffin littattafai na intanet.

Ga wanda ke Kano ko Maraɗi, gaskiyar magana ita ce kuɗin aike ne ke yanke hukunci, ba farashin bango ba. Littafi ɗaya siriri na iya cin kuɗin jirgi da ya kai ko ya wuce kuɗinsa. A nan littafin lantarki ke da ƙarfi: Nick Hern na sayar da nasu a wannan siga, babu jira, babu tsoron ɓacewa a hanya. Aibinsa biyu ne. Lambar shafi ba ta tsayawa wuri ɗaya, abin da ke wahalar da aji ko 'yan gwaji da ke son kowa ya buɗe shafi guda, sannan wasu shagunan ba sa karɓar katin bankinmu. In jami'arku na biyan kuɗin Drama Online, rumbun wasanni na kamfanin Bloomsbury wanda ke da sashen littattafan Nick Hern, tambayi ma'aikacin laburare kafin ka taɓa aljihu.

Gwanjo ma hanya ce, musamman ga The Weir da aka buga sau da yawa. A shagunan tsofaffin littattafai na intanet irin su AbeBooks ko World of Books akan same shi da rahusa sosai. Matsalar tsohon littafin wasa ita ce, sau da yawa ɗan wasa ne ya riƙe shi, ya shafe layukansa da alƙalami mai launi, ya cika gefe da "tsaya nan", "juya hagu". Ni ina jin daɗin irin wannan, kamar leƙen ɗakin gwajin wasu ne, amma ba kowa ba. Karanta bayanin yanayin littafin kafin ka danna.

In son McPherson ya ja ka zuwa tsararsa, lissafin ɗaya ne, mawallafan ne suka bambanta. Enda Walsh yana wurin Nick Hern shi ma. Martin McDonagh, wanda aka haifa a Landan iyayensa 'yan Ailan, akasarin wasanninsa na farko suna wurin Methuen Drama, kuma wasunsu na da bugun ɗalibai mai ɗauke da sharhi da bayanin kalmomi, wanda ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin in karin Turancin Ailan na ba ka wuya. Marina Carr tana wurin Gallery Press a Ailan da Faber a Landan, saboda haka tarkon maimaici na nan yana jiran ka a can ma.

Ni dai da zan sake farawa, Plays: Two zan fara saya, sabo, in haɗa oda da abokai biyu ko uku a raba kuɗin aike, ko in jira wani ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ya sako shi cikin jaka. In ya karɓe ni, sai in nemi The Seafarer shi kaɗai a gwanjo. Plays: One kuma sai ranar da wani ɗalibi ya zo yana neman jawabin da zai haddace.