Mako goma sha biyu a ajin yoga na Maisur: abin da na je nema da abin da na dawo da shi

Ciwon baya ne ya kai ni. A shekarata ta biyu ina karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna a Maisur, cikin jihar Karnataka a kudancin Indiya, sai da ta kai ba na iya zaman minti arba'in a kujera ba tare da kwankwasona ya ɗauki zugi ba. Da rana ina sunkuye a ɗakin gwaje-gwaje, da dare ina gaban kwamfuta har ƙarfe ɗaya. Likitan da ya duba ni ya ce babu ƙashin da ya goce, tsokoki ne suka ɗaure saboda yawan zama. Ya rubuta min maganin kwana biyar, ya ce in nemi ajin yoga. Ban ɗauki maganarsa a matsayin son abin gida ba, don na san tun 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi.

Neman ajin yoga a Maisur ba wahala. A garin ne shahararren malamin yoga Krishnamacharya ya koyar ƙarƙashin kulawar sarkin Maisur a shekarun 1930, kuma daga hannunsa B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois suka fito, waɗanda suka baza wannan motsa jiki a duniya. Unguwar Gokulam kuwa, da asuba za ka ga Turawa suna wucewa da shimfiɗunsu a naɗe a kafaɗa. Makarantun can sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Na zaɓi wata ƙarama a saman wani shago kusa da inda nake haya, wadda 'yan unguwa ke zuwa: shiri ne na mako goma sha biyu, kwana shida a mako, daga shida na safe zuwa bakwai da kwata, sai darasin falsafa ranar Asabar da yamma. Rupi dubu biyu a wata.

Kafin in biya ko sisi na kira Baffana a gida, don zuciyata ba ta kwanta ba. Na riga na karanta cewa a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ake haɗawa da waƙe-waƙen bauta ta bar wadda take motsa jiki zalla, ita kuma Saudiyya a 2017 ta amince da ita cikin wasanni. Na zayyana masa duka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, jiki amana ne, ka nema masa lafiya. Amma goshinka da harshenka, waɗannan biyun ka tsare su." Na ce, "To Baffa, in sha Allahu."

Da wannan na je wurin malamin ajin, wani dattijo mai shekara kusan saba'in da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Na gaya masa ni Musulmi ne, ba zan furta Om, kalmar ibadar Hindu da suke buɗe aji da ita, ba, kuma ba zan yi abin da suke kira surya namaskar, wato gaisuwar rana, ba. Jerin motsi goma sha biyu ne, a wata gaɓa ana kai ƙirji da fuska kusa da ƙasa, wasu kuma suna haɗawa da kiran sunayen rana. Aya ta 37 a Suratu Fussilat, wadda ta hana yin sujada ga rana da wata, ba ta bar min wurin tawili ba. Na shirya jin musu, amma bai ko ɗaure fuska ba. Ya ce in zauna shiru in ƙirga numfashina lokacin da suke nasu, sannan ya tsara min wani jerin motsin ɗumama jiki daban da nake yi a gefe. Washegari na tarar akwai wasu mata biyu Musulmai 'yan garin da ke yin irin nawa. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi ko ɗaya, kuma da ya nuna ƙyashi da ban sake komawa ba.

Dokokin ajin uku ne. Akwai kwando a bakin ƙofa, kowa zai jefa wayarsa. Ana rufe ƙofa ƙarfe shida daidai, wanda ya makara sai gobe. Kuma kowa yana da ɗan littafi da zai sa alama duk ranar da ya yi, har da Lahadi da ake yi a gida. Nakan idar da sallar asuba, in yi azkar, in taka minti goma a ƙafa, in isa saura kwata.

Ranar farko ba mu yi komai ba sai tsayuwa. Ya sa mu haɗa ƙafafu, mu ware yatsu a kan shimfiɗa, mu saki kafaɗu. Ya zo ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, sannan ya tura wata siririyar takarda ƙarƙashin dunduniyata ta hagu, ta shige ba tare da turjiya ba. Ya gwada ta dama, ta ƙi shiga. Duk nauyina a dama yake, ban taɓa sani ba. Ya tambaye ni a wane aljihu nake sa jakar kuɗi in zan zauna, na ce na baya, ɓangaren dama. Ya ce daga yau ta koma gaba. Shekara nawa ina zaune a karkace a kan wannan jakar, ina shan maganin ciwon da take taimakawa wajen jawowa. Sauran satin ya tafi a kan miƙa tsokokin bayan cinya da ɗamara, kwanciya rigingine da jawo gwiwa zuwa ƙirji, da numfashi: ja a ƙirga huɗu, saki a ƙirga shida. Babu tsayuwa da kai, babu lanƙwasa irin ta hotunan Instagram.

Darasin Asabar shi na yi niyyar tsallakewa, shi ne kuma ya fi zauna min. Muna zama a ƙasa mu tara ko goma, yana karanta jimlolin Patanjali, marubucin wani tsohon littafin falsafar yoga, da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, yana fassarawa da Turanci gauraye da Kannada, harshen jihar, wani lokaci sai wani ɗalibi ya ƙarasa min. Littafin gajerun jimloli ne 196 a babi huɗu, kuma abin da ya ba ni mamaki, uku ne kacal suke magana kai tsaye a kan zaman jiki. Abin da suka ce shi ne zama ya kasance tabbatacce kuma mai daɗi. Sauran duk a kan zuciya ne. Jimla ta biyu ma ta fassara yoga da tsayar da kai-kawon tunani. Gaɓoɓi takwas na yoga aka jera, biyu na farko tarbiyya ce: kada ka cutar, ka faɗi gaskiya, kada ka yi sata, ka kame kai, kada ka tara abin da ba ka buƙata, sai tsafta, wadatar zuci, juriya, nazari da miƙa wuya ga abin bautar da suke kira Ishwara. Motsa jiki na uku ne a layi. Daga baya na gano malaman Musulunci ba yau suka fara leƙa littafin nan ba, domin al-Biruni ya mayar da shi Larabci tun ƙarni na 11.

Ba zan ce abin da ke ciki ɗaya yake da abin da na tashi a kai ba, kuma na ƙi yarda duk lokacin da wani a ajin ya ce duk hanya ɗaya ce. Ƙarshen tafiyar Patanjali shi ne ruhi ya ware kansa daga duniyar halitta ya tsaya shi kaɗai. Wannan ba aƙidata ba ce, na saurara na bar musu. Amma akwai kalmomi biyu da na ɗauka da hannu biyu: abhyasa da wairagya. Ta farko ita ce nacewa a kan aiki, kuma littafin ya ce ba ta kafuwa sai an daɗe ana yi, ba yankewa, da girmama abin. Ta biyu ita ce sakin ƙwallafa rai a kan abin da ake kwaɗayi. Da malamin ya fassara ta farkon, hadisin Nana A'isha ne ya faɗo min, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Na san hadisin tun ina makarantar Islamiyya. Abin da ban taɓa yi ba shi ne auna rayuwata ta yau da kullum da shi. Ni mutum ne mai yi da zafi: karatun dare uku a jere kafin jarrabawa, gudun kilomita biyar rana ɗaya sannan wata biyu ba motsi. Ɗan littafin alamar nan ya nuna min hakan ƙarara, domin shi bai san uzuri ba, ko akwai alama ko babu.

A nan ne na ga amfanin ajin ya fita daga ɗakin ya bi ni gida. Don in isa kafin a rufe ƙofa dole in kwanta sha ɗaya. Don in kwanta sha ɗaya dole wayar ta bar gefen filo, sai na sayi ɗan kwando irin nasu na ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Satin farko hannuna kan kai kansa inda take ba tare da na yi niyya ba, in lalubi zanin gado in ji wayam. Daga mako na uku na lura ina tsayawa a sallah ba tare da saƙonnin WhatsApp na jiya suna yawo a kaina ba. Rubutun bincikena ma na mayar da shi haka, shafi ɗaya kowace safiya. Wairagya kuwa a ɗakin gwaji na gwada ta. Wani gwaji da na yi wata biyu a kai ya fito da sakamakon da ban so ba. A da sai in kwana uku ba barci ina neman yadda zan lallaɓa lissafin. Wannan karon na rubuta abin da ya fito yadda ya fito, na kai wa mai duba aikina, muka sake tsari.

Yanzu ga inda makarantar ta gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ɗakin na mutum sha takwas ne, wasu ranakun mukan kai talatin, dattijon ba ya iya kula da kowa. Sai ya bar wa wani matashi mataimaki, mai hanzari da ƙarfin hannu. A mako na biyar ina zaune na miƙe ƙafafu ina sunkuyawa gaba, ya zo ya danna gadon bayana da tafukansa biyu ba tare da ya tambaye ni ba. Na ji wani abu ya tsarga a bayan cinyata ta hagu kamar an ja zare ya kusa tsinkewa. Kwana goma ina ɗingishi, ko ruku'u sai a hankali. Na gaya wa malamin, ya ba ni haƙuri, ya hana a taɓa ni, amma na ci gaba da ganin ana danna wasu. Makarantar da ke koyar da kada ka cutar a matsayin doka ta farko bai kamata a ce hakan na faruwa a cikinta ba.

Abu na biyu ya fi damuna saboda fannina. Ranar rajista ba wanda ya tambaye ni ko ina da wata lalura, alhali juyar da kai ƙasa yana ƙara matsin cikin ido, yana da haɗari ga mai ciwon gulokoma, mai hawan jini ma sai da taka-tsantsan. Sannan a kan teburin bakin ƙofa ana sayar da wasu garin magunguna a leda, ba rubutun abin da ke ciki, ana cewa suna maganin ciwon suga. Wani dattijo da muke layi ɗaya ya gaya min cikin murna ya daina shan maganin hawan jininsa tunda ya fara numfashin safe. Na roƙe shi ya je a auna shi, na yi wa malamin magana, shi ma ya ce masa ya koma wurin likitansa. Amma ledojin suna nan a teburin har na gama. Yoga tana iya taimakawa a gefen magani, ba ta maye gurbinsa, kuma duk mai koyarwa ya kamata ya faɗi hakan da babbar murya tun ranar farko.

Ciwon bayan fa? Zuwa mako na bakwai ina zaman awa biyu lafiya, zuwa na sha biyu na manta inda na ajiye ƙwayoyin. Ba zan ɗora duka a kan motsin ba, barcin da ya gyaru da jakar da ta bar aljihun baya suna da nasu kason. Cikin kwana 84 na samu alama 71, kwanakin raunin ne suka ci yawancin sauran.

Wanda karatu ko jinyar wani ya kai shi Indiya yana son gwadawa, ya je ya zauna ya kalli aji ɗaya kafin ya biya. Ya ƙirga mutane, ya duba ko masu gyara suna neman izini kafin su taɓa mutum, ya faɗi iyakarsa ta addini tun a bakin ƙofa ya ga yadda za a karɓa. Ni dai da zan koma Maisur zan sake biya wa dattijon nan, da sharaɗin ajin da ba ya cika. Yanzu wata takwas ke nan da dawowata Kano, minti ashirin da biyar nake yi bayan asuba a tsakar ɗaki, ina cikin littafin alama na uku. Lokacin bikin ƙanwata na yi kwana biyar ban yi ba, a rana ta shida kwankwason ya fara zugi, na koma kan tabarma.