Yawon kayak na roba a kogi: sharhina ga wanda bai taɓa shiga ba

In kana tambaya ko wanda bai taɓa riƙe filafili ba zai iya wannan yawon, eh zai iya, amma fa komai ya dogara da jagoran da aka haɗa ku da shi. Namu ya iya aikinsa, shi ya sa nake yabon tafiyar duk da akwai abubuwan da kamfanin ya ɓata min rai da su.

Kayak ɗin dai ƙaramin jirgin ruwa ne da ake tuƙawa da filafili, na roba ne mai kauri, PVC, a bakin kogi ake ɗura masa iska da famfo, kuma iskar ba wuri ɗaya take ba, kowane gefe da nasa sai kuma na ƙasa, don haka ko ɗaya ya huje sauran za su riƙe ka. Za ka ga ramuka jere a ƙasan jirgin, kar ka tsorata, da gangan aka yi su don ruwan da ya fantsamo ciki ya fice da kansa ba sai ka tsaya kwarfewa ba. Sai dai wandonka a jiƙe yake tun daga farko har ƙarshe, wannan kam ka sa a ranka. Yana da faɗi, ba ya saurin kifewa kaman siririn kayak ɗin nan mai tauri, in ya daki dutse sai ya ɗan lotsa ya dawo. Inda yake ban haushi shi ne wurin da ruwa ya kwanta kuma iska na kaɗawa, wayyo, juyi yake ta yi da kai, kafaɗa ta sha aiki.

Kafin ka biya ka tambayi matakin kogin. Akwai ma'aunin da ƙungiyar American Whitewater ta fitar, daga 1 zuwa 6. Na 1 ruwa ne mai ɗan gudu da ƙananan igiyoyi, na 2 akwai duwatsu amma hanya a fili take, na 3 igiyoyin sun girma sai wanda ya iya juya jirgi da sauri, na 6 kuma ko ƙwararru ba kasafai suke gwadawa ba. Namu na 2 ne kuma wallahi ya ishi sabon shiga. Lambar ma ba a tsaye take ba, in an yi ruwan sama mai yawa ko an saki ruwan dam, kogin da ka gani a hoto ba shi za ka tarar ba.

Bayanin da jagoran ya yi mana kafin mu shiga shi ne abin da na fi amfana da shi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana kama rigar ceto ta kafaɗa yana ja sama, in ta taho har kunne sai ya ƙara ɗaure ta, haka ma hular kwano. Ya ce in ka faɗa ruwa ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa, kuma kar ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu ko da bai wuce gwiwa ba, sabida ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwan ya danne ka. In jirgi ya jingina da dutse ka karkata wajen dutsen, abin da jikinka ba zai so yi ba kenan, amma in ka kauce wa dutsen ruwa ne zai hau ɗaya gefen ya kifar da kai. Bishiyar da ta faɗi cikin kogi kuma ya ce ta fi dutse haɗari, ruwa na wucewa ta rassanta, mutum ba ya wucewa.

A cikin ruwa kuma yana gaba muna biye kaman 'ya'yan agwagwa. Shi ya nuna min yanda ake karanta hanya, wani santsin ruwa mai siffar V da tsininsa ke kallon inda ruwa ya nufa tsakanin duwatsu biyu, nan ake sa hancin jirgi a yi ta tuƙi ba tsayawa. Bayan kowane gangare sai ya tara mu a bayan wani babban dutse inda ruwa ke kwance yana ɗan komawa baya, a huta a ƙirga kawuna. In ya ɗaga filafili a tsaye ku taho, in ya riƙe shi a kwance ku tsaya, kuma kullum hanyar da za ka bi yake nunawa, ba ya nuna inda haɗarin yake. Wani bawan Allah ya faɗa a gangare mafi ƙarfi, kafin ya gama ihu igiya ta sauka a ƙirjinsa, jagoran na ce masa riƙe igiyar kar ka naɗa a hannu, ya jawo shi gefe yana tari yana dariya.

To ga ƙorafina. Mun yi yawa, jagororin kuma ba su kai ba, sai ka ga ana ta zaman jiran na baya har sanyi ya fara shiga jiki. Awannin da suka rubuta a talla ashe har da tafiyar mota da cike fom da bayani, lokacin cikin ruwa bai kai yanda na zata ba. Hotuna kuma sai an sauka a ce kuɗinsu daban, wannan sam bai yi min ba.

In an ba ka zaɓi ka ɗauki jirgin mutum ɗaya. Masu na mutum biyu rabin tafiyar a gardama suka yi ta, kowa na cewa ɗayan ne ke karkatar da su. Kar ka sa kayan auduga, in sun jiƙe sanyi suke riƙewa, in ruwan na da sanyi sosai ka nemi rigar roban nan mai kama jiki. Takalmi mai maɗauri, silifas kogi zai tafi da shi, tabarau a ɗaure da zare, waya a bar ta ko a sa a jakar da ruwa ba ya shiga. Zan sake zuwa, amma kafin na biya sai sun faɗa min jirage nawa jagora ɗaya zai riƙe da kuma awa nawa ne na cikin ruwa zalla.