Dattijon da ya gano shekarar hotona daga allon silima

A kasuwar gwanjo ta Toji da ke ci ran 21 ga kowane wata a birnin Kyoto na Japan na tsinci hotunan nan, baƙi da fari guda 12 cikin wata tsohuwar ambulan, ba suna ba kwanan wata, ni kuma Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Abokin karatuna ne ya haɗa ni da wani dattijo mai sana'ar gano shekarar tsofaffin hotuna ta intanet, ka yi sikanin ka tura masa ka biya, shi kuma ya gaya maka lokacin da aka ɗauka.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wasu mata biyu riƙe da lema a ƙofar gidan silima, bayansu ƙaton allo zanen hannu, dodo na taka gidaje. Dattijon ya ce tallan fim ɗin Gojira ne, wato Godzilla, na kamfanin Toho, ya fito 3 ga Nuwamba 1954, kuma na farkon ne don na biyun da ya fito Afrilu 1955 dodanni biyu ne a ciki. Har na fara murna na ce shi kenan 1954, sai ya ce yaro bi a hankali, allo iyakarsa ya nuna maka ba a ɗauki hoton KAFIN fim ya fito ba, ƙananan silimu sai manya sun gama cin kasuwarsu faifan ke isowa gare su, wani sa'in bayan watanni. Kuma dubi matan, riguna masu gajeren hannu, wa zai sa wannan a sanyin Nuwamban Japan? Ya fi karkata ga lokacin zafin 1955. Wallahi ni ko lura da hannun rigar ban yi ba.

A bayan wani hoton kuma akwai 31 da fensir, ashe shekarar Showa ce, wato lissafin shekarun mulkin sarkin Japan na wancan lokacin, ka ƙara 1925 ta ba ka 1956, wannan kyauta ya koya min.

Inda ya ɓata min rai, sati uku ina jira, sau biyu yana sa ni sake sikanin wai rubutun allon ya dushe, ƙarshe 4 kacal ya iya, sauran 8 ya ce ba allo ba magana, alhali kuɗin 12 na biya tun farko kuma ko sisi bai dawo min da shi ba. In za ka tura, tace hotunanka tukuna, wanda ba silima a bayansa ka bar abinka a ambulan.