Fina-finan gaskiya kan waɗanda bala'i ya raba da gidajensu: wanne ya cancanci datarka?

Kafin ka sayi data ko ka biya mai tura fina-finai, duba abu guda: mai kyamarar ya zauna da mutanen bayan ruwa ya janye, ko kuka kawai ya ɗauka ya kama gabansa?

A wannan ma'auni babu kamar Trouble the Water na 2008. Kimberly Rivers Roberts, mazauniyar unguwar talakawa ta Ninth Ward a birnin New Orleans na Amurka, ita ta riƙe kyamara da hannunta lokacin guguwar Katrina a watan Agustan 2005. Ita da mijinta ba su da motar gudu, sai suka haye can saman gida da maƙwabta, ruwa na cin titi. Daga nan daraktocin fim ɗin, Tia Lessin da Carl Deal, suka bi ta da mijinta zuwa Memphis, da jiran tallafin gwamnati da ya ƙi fitowa, har komawarsu gida. Hoton yana rawa, sauti ba tsaf ba, amma ni hakan ma ya fi kama ni. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Sundance, ya kuma shiga takarar Oscar.

When the Levees Broke na Spike Lee, shi ma kan Katrina, ya fi shi faɗi, sai dai awa 4 ne, datarka za ta ji jiki. Fatal Assistance na Raoul Peck, kan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, ya fi damuwa da inda kuɗin agaji suka maƙale. Nuclear Nation kuwa, mutanen garin Futaba ne na Japan zaune a tsohuwar makarantar sakandare bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima na 2011. Sai mai haƙuri.

Yanzu ga jabu. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ake ta yawo da bidiyoyi a WhatsApp da sunan rahoto na musamman. An taɓa turo min wani, rabinsa ruwan wata ƙasa ne, ga muryar na'ura, ga lambar asusun banki a ƙarshe. In ba ka ga sunan darakta ba, babu shekara, babu wanda aka bari ya faɗi sunansa da unguwarsu, rufe shi. Duba lambar motoci da rubutun shaguna, su ke tona asiri. Mai shagon turawa kuma ka sa ya nuna maka tsawon fim ɗin kafin ka biya, don wasu tallar minti 2 suke loda wa mutum.