Sauke Marsandi 230E ƙasa: a yanke sifirin ko a sayi gajere?

Malam, ka ce motarka 230E ce ƙirar W123, kana so ta ɗan kwanta, ka kuma canza mata rim zuwa inci 15 ko 16. Makanikenka ya ce a yanke sifirin a huta, wani ya ce ka sayi gajeren sifirin da aka ƙera don wannan aikin. Sayi gajeren. Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka sa a ɗaga motar ka leƙa saman sifirin da ke jikinta yanzu.

A can sama, tsakanin sifirin da bodi, akwai wata baƙar roba mai kama da faifai. Marsandi ta yi ta kauri daban-daban don daidaita tsayin mota gwargwadon nauyin inji da kayan da ke cikinta. Ta gaba kala huɗu ce: milimita 8, 13, 18 da 23. Ta baya uku: 9.5, 14 da 19. Ba sai an kwance ba za ka gane wadda kake da ita, domin a gefenta akwai 'yan ƙulle-ƙulle da za ka ji da yatsa. Ƙulli ɗaya ita ce mafi siranta, huɗu mafi kauri. Tunda sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da bodi ta ƙasa, ba a bakin taya ba, duk abin da ka rage a robar yana ƙaruwa kafin ya iso taya. Wanda ya cire mai ƙulli huɗu ya sa mai ɗaya zai ga gaban motar ya sauka fiye da milimita 20, ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Mutane da yawa iyakar abin da suke nema ke nan. In kuwa ka tarar mai ƙulli ɗaya ce dama a ciki, to wannan ƙofar ta rufe, sai sifirin.

Gajeren sifirin na kamfani, irin wanda H&R ke yi wa wannan ƙirar, shi ne a ƙarƙashin tawa, shi kuma nake ba kowa shawara. Irin waɗannan yawanci suna sauke mota milimita 30 zuwa 40. Abin da ya sa nake yabonsa ba gajartar ba ce kawai. An ƙara masa tauri daidai da abin da aka rage masa na tsawo, saboda haka ko da yake hanyar da taya za ta bi kafin ta kai ƙarshe ta ragu, ba ta cinye ta da wuri. Ka shiga shataletale da ɗan gudu, motar da a da take karkata har fasinja ya dafa ƙofa, yanzu sai ta ɗan rusuna ta miƙe. Ka taka birki, hanci ba ya yin sujada. Taushin nan da aka san W123 da shi bai tafi duka ba, ya dai ɗan kame. Ƙarshen waya kuma an lanƙwasa shi yadda zai zauna cif a gurbinsa na hannun ƙasa, hagu da dama tsayi ɗaya. Daga nan sai ka yi wasa da robobin nan na sama ka daidaita gaba da baya yadda idonka ke so, ka bar bayan ya ɗan ɗara gaba kaɗan saboda kaya.

Shi kuwa yankan, arha ne, kuma mota tana sauka. Iyakar alherinsa ke nan. Sifirin da ya shekara arba'in yana ɗauke da mota ya riga ya gaji. In ka cire masa zagaye ɗaya, taurin da zai ƙaru kaɗan ne, amma hanyar da ta rage wa taya ta ragu sosai, sai ka ji gaf-gaf a kowane rami, shokazoba na dukan ƙarshensa har ya fara zubar da mai. Da wuya kuma a yanka biyu su zo daidai, sai ka ga mota ta karkace gefen direba. In aka wuce gona da iri, ranar da taya ta rataya a iska sifirin na iya barin gurbinsa. Wanda ya fi duka muni shi ne mai walda ya gasa shi da wutar gas har ya zauna. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, zai ci gaba da lotsewa bayan an gama aiki, wata rana ya karye a daidai inda aka gasa. Kada ka bari a kusanto da wuta kusa da sifirinka ko da wasa.

Batun cire sifirin gaba, don Allah ka tsaya a kai da kanka. Na W123 dogo ne ƙwarai, kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Ƙugiyoyin nan biyu da ake maƙala wa sifirin ƙananan motoci ta waje ba nasa ba ne, suna zamewa. Na'urarsa ita ce mai faranti biyu da doguwar sanda mai zare da ke bi ta tsakiyar sifirin. In makanikenka ba shi da ita, ya aro, ko ka canza makanike. Shokazoba ne ke riƙe hannun kada ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, don haka ba a kwance shi sai mota na kan ƙafafunta ko an tokare hannun ƙasa da jak. Shokazoban baya yana cikin sifirin ne, ana isa kansa ta bayan kujerar baya. Tunda an buɗe, ka canza shokazoba huɗun gaba ɗaya, Bilstein ko Sachs, domin tsohon da ya mutu ba zai iya riƙe sifirin mai tauri ba, mota za ta dinga tsalle. Ka duba bushin da bol-join ma. Notikan bushin kuma ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye, sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato gogar taya. Yawancin masu kuka da cewa saukewa ta sa taya na cin madigadi, in ka duba, rim ne bai dace ba. Ramukan W123 guda biyar ne a kan da'irar milimita 112, ramin tsakiya 66.6. Rim ɗinta na asali inci 14 ne, faɗi 5.5 ko 6, da lamba ET30 a buge a jikinsa. Wannan ET ita ce ke faɗa maka inda rim zai zauna: in ta yi girma ya shige ciki wajen ƙarafan ƙafa, in ta yi ƙanƙanta ya fito waje wajen leɓen madigadi.

Rim ɗin V-Boot da na Marsandi 190 ramukansu ɗaya da naka, za su shiga, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma ET ɗinsu yawanci yana tsakanin 44 da 49. Ɗauki mai faɗi 6.5 da ET49: gefensa na ciki zai matsa kusan milimita 25 zuwa wajen hannun sama da sandar sitiyari idan aka kwatanta da naka na asali mai faɗi 6, ta waje kuma ya shige ciki, motar ta yi kamar an ƙwace mata ƙafa. Wanda ya dace da kai shi ne na babbar Marsandi ƙirar W126 ta ƙarshen shekarun 1980, inci 15, faɗi 7, ET25. Shi yana fitowa waje da kusan milimita 18, ya shiga ciki da kusan 8 kawai, ya cika madigadi da kyau ba tare da ya nemi faɗa da kowa ba. Masu inci 16 da faɗi 8 da ET kusa da 11 suna da kyau a ido, ban musa ba, amma suna fitowa waje fiye da milimita 40. A motar da aka sauke, wannan sai an taɓa bodi.

Sai tsayin tayar kanta. Ta asali a kan rim mai faɗi 6, wato 195/70R14, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 629 ne. A kan rim 15, mai lamba 205/60R15 tana ba da 627, kusan abu ɗaya, agogon gudu ma ba zai yi maka ƙarya ba. 195/65R15, wadda ta fi sauƙin samu a wajen masu taya, 635 ce, ita ma lafiya. Amma 205/65R15 da ke zuwa a kan rim ɗin W126 ta kai 648, wato samanta ya ƙara kusantar madigadi da kusan milimita 10. A motar da ba a taɓa ba wannan ba komai ba ne, a wadda ta sauka milimita 35 kuwa shi ne bambancin shiru da ƙara. In ka nace sai 16, to 205/55R16, tsayinta 632. Ni dai 15 nake ce maka, domin naman taya shi ne ke kare rim a ramukan hanyoyinmu.

Kafin a fara aiki, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, tanki cike, a auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a ƙafa huɗu, a rubuta. Kada a auna daga ƙasa, iskar taya na canza lissafi. Sau da yawa a nan ake gano cewa bayan motar ya riga ya zauna don kansa saboda tsufa. Bayan an sa sabon sifirin, ka hau ta kwana biyu-uku ya zauna, sannan a sake aunawa, sannan a je saitin ƙafa. Gaba yana da wurin gyara kwanciyar taya a notin hannun ƙasa. Baya ba shi da shi daga kamfani: gwargwadon yadda ka sauke, gwargwadon yadda kan tayoyin baya zai karkata ciki, su dinga cinyewa ta gefen ciki alhali waje na nan sabo. Wannan kaɗai ya isa dalilin tsayawa a milimita 40. Ƙari a kan haka, kaskon baƙin mai da salansa su ne za su fara gaisawa da tudun rage gudu.

Gwajin goga ba a tsaye ake yinsa ba. Shafa alli a leɓen madigadi ta ciki da kuma kan hannun sama. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu, ka hau da tayar gaba ɗaya kan tudu ko katako mai kauri a hankali, ka sauka, ka maimaita dama, ka yi da ribas ma. Sannan ka sa manya uku a baya da buhu mai kilo 50 a but, ka bi hanya mai gargada. Duk inda alli ya goge ko ya hau gefen taya, nan ne matsalarka. A lokacin da ƙafa ta matse, ya kamata yatsanka ya iya wucewa tsakanin taya da ƙarfe ko'ina.

In gogar ta waje ce kuma kaɗan ce, fara da ƙara kaurin robar sama da mataki ɗaya, sau da yawa shi ke nan. In bai isa ba, sai a naɗe leɓen madigadi ciki. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a mazaunin rim, mai ɗan gangare da ke bin leɓen yana tura shi sama kaɗan-kaɗan, ana ɗumama fenti da iska mai zafi don kada ya tsage. Ba guduma ba, ba bututun ƙarfe a saman taya ba. Ka fara ƙwanƙwasa wurin tukuna, domin bakin madigadin W123 wurin tsatsa ne, in an taɓa cike shi da fila zai farfashe ya zubo. Bayan an naɗe a wanke, a shafa maganin tsatsa a cikin ninkin, don nan laka za ta dinga kwana. In kuma gogar ta ciki ce, faifan tazara na milimita 5 zuwa 10, wanda ake sawa tsakanin rim da mazauninsa, yana magance ta, da sharaɗin rim ya ci gaba da zama a kan wuyan tsakiya, kuma a ƙara tsawon kusoshi daidai kaurin faifan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai ɗauko tsohon sifirin, ya yanke, ya fesa masa jan fenti ya ce na waje ne. Duba ƙarshen wayar: yankan garaya yana barin baki mai kaifi da alamar ƙuna, na kamfani kuwa sumul yake, da suna da lamba a jikinsa. A jera biyun a ƙasa a ga tsayinsu ɗaya. Ka kuma faɗi injinka, domin sifirin gaban 300D ko 280E an yi shi don nauyin da ya fi na 230E, in ka sa shi gabanka ba zai sauka yadda ka zata ba. Mai wagon kuma kada ya karɓi na salun, bayanta da mai yake daidaita kansa. A rim, juya bayansa ka karanta faɗi da ET da idonka, ka nemi alamar walda a ciki, a ɗora shi a injin balans ka ga yana juyawa daidai kafin ka biya. Wani zai kawo maka na motocin Japan mai ramuka a kan da'irar milimita 114.3 ya ce ai da ɗan matsi yana shiga. Yana shiga, amma kusoshin a karkace suke ɗaure, kuma a kan gudu suke tsinkewa. Taya kuma ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ke bin haruffan DOT a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta.

Kusoshin ma ka sayo su tare da rim. Na Marsandi M12 ne mai zare 1.5, wuyansu zagaye ne, ba mai tsini ba, kuma tsawon na rim ɗin ƙarfe daban yake da na alminiyam. Gajere ba zai kama ba, ana so ya shiga aƙalla zagaye shida da rabi. Wanda ya yi tsawo kuma a baya zai leƙa ciki ya kakkarya kayan birkin hannu, don haka bayan an ɗaure a juya tayar da hannu a saurara tun mota na kan jak. A ɗaure su a kan 110 Nm na ma'aunin ƙarfin ɗauri, a sake bin su bayan tafiyar kilomita 50 ta farko.