Yoyon baƙin mai a Corolla: bakaniken da ya fara da wanki

Motata Toyota Corolla ce 'yar Kwatano, ƙirar 2006, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8. Lafiyarta ƙalau in ban da ɗigon baƙin mai. Duk inda ta kwana sai an ga tabo a ƙasa ta ɓangaren fasinja, in kuwa aka yi doguwar tafiya ƙaurin mai ya riƙa shigowa har ciki. A garejin da na saba zuwa an canza gasket ɗin murfin sama, aka lafta masa jan gam, yoyo bai fasa ba. Wani ya leƙa ƙasa kawai ya ce sil ɗin bayan inji ne, sai an sauke giya. Wani kuma ya ce in koma zuba mai kauri, 20W-50, magana ta ƙare.

Abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a nan Kano, kuma aikinsa nake son in yi sharhi a kai.

Da ya buɗe bonet bai ɗauki sifana ba. Ya ce, "Alhaji, injin nan ko'ina mai ne, in na ce maka ga inda yake fitowa na yi maka ƙarya. A wanke tukuna." Yaransa suka rufe altaneta da koyil-koyil da leda, suka goge injin da kananzir da buroshi, aka ɗauraye, aka bar shi ya bushe sarai. Sannan ya aika aka sayo hodar jarirai. Na ɗauka wasa yake. Ya barbaɗe gefen injin da bayansa har suka yi fari fat, ya sa aka kunna motar ta yi zafi, aka ɗan zaga da ita.

Da aka dawo ya zura tocila da ɗan madubi ta bayan injin, ya kira ni in gani da idona. Ga wani siririn baƙin layi ya ratsa farar hodar. Bai fara daga murfin sama ba, daga ƙasa da shi kaɗan ya taso, jikin wani ɗan ƙarfe mai noti biyu lamba 10. Tenshinar sarƙar taimin ce, wato ƙarfen da ke danne sarƙar don kada ta yi sako-sako. Tana da zoben roba guda ɗaya, kuma a wannan injin an san shi da bushewa in ya tsufa. Mai yana tsattsafowa daga nan ya gangara ta bayan inji har gindin tukunyar mai, iskar hanya kuma ta watsa shi baya. Shi ya sa mai leƙen ƙasa zai rantse sil ne ko gasket ɗin ƙasa. Da ya zaro zoben ya miƙo min, ya baje ya yi tauri kamar busasshiyar ganda, ina lanƙwasa shi ya tsage.

Kuɗin sabon zoben da aka sayo a Ƙofar Ruwa bai kai na litar mai ɗaya ba. Mayar da tenshinar ne ke son nutsuwa. Ya danne harshenta ya maƙale da ƙugiyarta, ya shafa wa zoben mai, ya ɗaure, sannan ya juya injin da hannu har ƙugiyar ta saki. Bai bar wa yara wannan ba, domin in ba ta saki ba sarƙa za ta yi sako-sako, tana iya tsallake haƙori. Ya kuma cire bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, ya girgiza a kunnensa, shiru, ya toshe. In ya toshe iska na taruwa a cikin inji ta riƙa tura mai ta duk inda ta sami rauni. Shi ma aka canza. Aka yi juye da mai 5W-30, lita 4.2 har da filta. Game da mai kauri cewa ya yi ɗigon zai ragu, amma ramin yana nan.

Yanzu inda nake ajiye motar a bushe yake, ma'aunin mai kuma bai motsa ba.

Sai dai mutumin ba na mai sauri ba ne. Mota za ta wuni a wurinsa, jiran bushewar inji kaɗai ya cinye hantsi, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki. Yana karɓar kuɗin bincike daban da na gyara, abin da wasu ke ƙorafi a kai. Ni ban ga laifin wannan ba, tunda da na bi maganar sauke giya da na biya ninkin-ba-ninki, mai kuma yana ci gaba da zuba. Abin da ya ɓata min rai shi ne yaransa sun bar min shatin hannu a sitiyari da kujera, sai da na kai wanki. Akwai kuma 'yar laima a kusurwar murfin sama inda aka cika gam a baya. Ya ce ba ta kai a taɓa ba, a sake dubawa a juye na gaba.