Sharhi kan sandar ƙugiyar da na saya saboda ƴar mesata, bayan wata uku

Wata uku kenan da na sayi sandar nan mai ƙugiya a baki, irin wadda ake zugewa ta yi tsawo kamar eriyar rediyo, kuma tunda an yi ta tambayata ko tana da amfani ko asarar kuɗi ce kawai, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Mesar tawa irin mai dunƙulewar nan ce, wadda masana ke kira Python regius. Ƴar Afirka ta Yamma ce, Ghana da Togo da Benin ne suka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, a Najeriya ma akwai ta. Ba ta da dafi, in ta gama girma da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, ba irin babbar mesar dajin nan mai haɗiye akuya ba ce. Lokacin da ta zo hannuna tsawonta bai fi kamu ɗaya ba amma wallahi faɗanta ya fi ƙarfinta, da na buɗe murfin akwati sai ta ja wuya baya ta lanƙwasa shi ta kafa min ido tana huci, in na matso da hannu ta kawo sara. Sau biyu tana samuna a yatsa, ƴan ɗigon jini ne kamar ka soki ƙaya, ba ciwon ne ya dame ni ba, ganin yadda take firgita ne ya dame ni, don abin nan da muke kira masifa tsoro ne zalla. Ƙaramar halitta ce da a daji shaho da tunku duk abincinsu ce, hannu ya zo mata ta sama dole ta ɗauka mutuwa ce ta zo.

To a nan sandar ta yi min rana. Ba ɗaukar ta nake yi da ita ba sosai, a'a, in na buɗe akwati sai in shafa mata bayan ƙugiyar a tsakiyar jiki a hankali sau biyu ko uku, sannan in ɗan ɗaga ta in zura tafin hannuna ta ƙasa daga gefe. Ranar abinci kuma ba na taɓa sandar kwata-kwata, da dogon hantsaki nake miƙa mata ɓera. Cikin sati uku ta gane bambancin, shafar sanda na nufin ba abinci ba ne kuma ba cuta ba ce. Wannan yana da muhimmanci don tana da wasu ƴan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin jiki da su, yatsa mai ɗumi da ɓera mai ɗumi in tana jin yunwa duk ɗaya ne a wajenta. Riƙe ta a hannu da minti biyar na fara, sau biyu a sati, yanzu mun kai minti goma sha biyar tana bin tsintsiyar hannuna tana zaro harshe, jikinta a sake, ba ta ma dunƙulewa ta cusa kai a ciki kamar da.

Amma fa kar wani ya ɗauka sandar ce kaɗai. Satin farko ban taɓa ta ba sam sai da ta ci abinci, na sa mata maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a ɓangaren ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya a ɓangaren sanyi. Bayan ta ci kuma sai na bar ta kwana biyu cur, in ba haka ba za ta iya amayar da shi. Haka in idonta ya yi shuɗi-shuɗi za ta yi saɓa, ba ta gani sosai, nan ma ƙyale ta nake. Da hunturu ya shigo iska ta bushe saɓarta ta riƙa fita gutsi-gutsi, faɗan ya so ya dawo, sai da na ƙara danshi ya kai wajen kashi 60 cikin ɗari sannan ta natsu.

Aibin sandar biyu ne. Gaɓoɓinta sun fara sakwarkwacewa tun wata na biyu, in ka zuge ta duka ƙugiyar sai ta riƙa juyawa, yanzu rabi kawai nake zugewa. Sannan bakinta ya zo da ɗan kaifi, sai da na goge shi da sanfefa kafin in yarda ya taɓa fatarta, wannan kam bai kamata a sayar da shi haka ba. Ga ƴar mesa ta wadatar, ga babba mai nauyi ba za ta ɗauka ba, gara mai ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe.

Abu ɗaya da nake roƙo, don Allah kar a sayi sandar nan a je ana gwada ta kan macijin da aka tsinta a gona ko bayan gida, kasa da kububuwa ma suna da zane a jiki kuma saransu na kisa, wanda bai saba ba zai iya ruɗewa. Tawa a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta. Kuma duk sanda na gama riƙe ta sai na wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa, wadda macizai kan ɗauka, sandar ma ina goge ta kafin in rataye.